Shekarar da Kwamfuta Ta Ce a Girbe Shanun Kawu

Baba ne ya jawo mini maganar, a majalisar ƙofar masallaci, ranar da ake ta musu kan rabon ruwan rani. Ni ban ma san an yi ba, ina can Kura a shagon kwamfuta na wani abokina. Sai da na dawo da la'asar ya tare ni a zaure, yana murmushin wanda ya sayar da tumatir da tsada, ya ce, "Na faɗa musu injinka ne zai raba mana ruwa bana."

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, ina karatun kwamfuta. Malamai sun tafi yajin aiki, mu kuma mun dawo gida muna zaman jiran tsammani. Wayar salula ta fara shiga ƙauyuka, amma kwamfuta kam, duk garinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ni kaɗai na san inda ake kunna ta. Ban kuwa ɓoye ba. Ni mutum ne mai zumuɗi, in na koyi abu yau, kafin gobe kowa ya ji, har wanda bai tambaya ba. Don haka da Baba ya faɗi wannan magana, maimakon gabana ya faɗi, sai na ji kaina ya ƙara girma.

Da ruwan madatsar Tiga muke noman rani. Babban kanal ya wuce ta gabas da gari, ƙarami ya ɓalle daga jikinsa ya ratsa gonakinmu. Waɗanda ke kusa da ƙofar ruwa su sha su ƙoshi, na wutsiya kuwa sai abin da ya rage. Kowace shekara shugaban ƙungiyar manoma, wani Alhaji mai gonar alkama, shi ke tsara wanda zai sha yau da wanda zai sha gobe, kuma kowace shekara sai an ce ya fifita nasa. A ranin da ya wuce har an ɗaga wa juna fartanya. Shi ya sa da Baba ya yi cika bakinsa, mutane suka yi caraf suka karɓa. Suka ce kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki, abin da ta fitar shi ke nan. Alhaji ya ƙara da cewa duk wanda sunansa bai fito a cikin tsarin ba, kada ya kuskura ya taɓa ruwan kanal.

Kowa ya san wanda ake nufi da wannan ƙarin. Kawuna ne, yayan Inna, wanda rugarsa ke can bayan gonakin wutsiya. Shanunsa a ƙarshen kanal suke sha tun ina yaro, suna tattaka gefensa, ƙasa tana zubewa ciki, manoma suna ƙorafi. Kawu ya ji abin da aka yanke, bai yi musu da kowa ba. Ya dai aiko wa Baba cewa in ba wurin shan ruwa, kafin zafi ya shigo zai kwashe iyalinsa ya yi kudu, kuma ba zuwan rani zai yi ba, tashi ne gaba ɗaya. Shi kaɗai ya rage wa Inna a cikin 'yan ɗakinsu. Ita ba ta roƙo kuma ba ta kai ƙara, amma tun ranar ban sake jin ta yi waƙar daka ba. Na ce a raina, ai kuwa sunan Kawu zai fito a takardar nan ko ta halin ƙaƙa.

Dama aikin da nake yi na kammala karatu kan rabon ruwa ne, da harshen Java. Kafin yajin aiki na kai wa malamar da ke duba ni, wata mata mai kaifin baki da ba ta ɗaga murya. Na rubuta hanyar jera gonakin tumatir, na kwafe ta na canja suna ta zama ta alkama, na sake kwafewa don albasa, na sake don masara. Ta duba, ta ɗago kai ta ce, "In wani ya shuka kabeji gobe, sai ka sake kwafewa? Kai magatakarda ne?" Ta ce in je in nemo sabon abin da aka ƙara wa harshen, wanda ake kira janarik, in dawo mata da hanya ɗaya tal.

A shagon abokin nan nawa na koye shi, tsakanin masu zuwa buga katin biki da masu ɗaukar kwafin takardar makaranta. In an ɗauke wuta ya tayar da janareto, in mai ya ƙare mu fita mu zauna a benci muna kallon mata suna shanya turararriyar shinkafa a gefen titi. Ranar da abin ya shige ni kuwa, na buga tebur har wata mai jiran kati ta zabura.

Ga yadda yake, a taƙaice. A irin wannan rubutu, kowane abu sai ka yi masa gida, wanda ake kira kilas, ka faɗi abin da ya mallaka da abin da yake iya yi. Na yi wani gida na kira shi Gona. Yana da faɗi, yana da ranar shuka, ya san lissafin ranar zuba taki da feshi da ranar girbi. Amma na bar shi a matsayin abin da ake kira abstirak kilas, wato uba ne da ba ya fita aiki da kansa. Hakan ya yi mini daidai da hankali, don ban taɓa ganin wanda ya noma gona kawai ba, gonar wani abu ake nomawa. Sai na haifa masa 'ya'ya, Tumatir da Alkama da Albasa da Masara, kowanne ya gaji faɗi da taki da girbi ba tare da na sake rubutawa ba. Abu ɗaya uban ya bari a buɗe, ya ce kowane ɗa ya cike da kansa, shi ne yawan ruwan da yake buƙata.

Sannan na zo kan hanyar jerawa, wadda ake kira metod. A da, in kana son metod ɗaya ya karɓi komai, sai ka ce masa ya karɓi "abu". Zai karɓa kuwa, amma in ya dawo maka da shi ya manta ko mene ne, sai ka yi ta rantsuwa cewa tumatir ne, in ka yi kuskure aikin ya rushe ana tsakar amfani da shi. Janarik ya kashe wannan wahala. Harafi ɗaya za ka sa, T, ka ce wannan gurbi ne, duk irin abin da aka zuba a ciki shi za a mayar. Ka ba shi jerin tumatir ya mayar maka da jerin tumatir, ka ba shi alkama ya mayar da alkama. Kuma kana iya yi wa gurbin iyaka. Na rubuta T extends Gona, ma'ana ba mai shiga sai ɗan gidan Gona. Na goge kwafe-kwafen nan duka, na bar 'yan layuka da ba su cika tafin hannu ba. Wallahi ranar da ƙafa na dawo gida daga bakin titi, ina tafe ina dariya ni kaɗai.

Da aka ce in yi wa gari tsari, sai na hau keken Baba na bi gona-gona ina tambayar faɗi da abin da za a shuka. Na zuba su duka, metod ya jera su tsaf, ya fara da na wutsiya a wasu ranaku don kada kullum su zama 'yan kallo. Saura Kawu. Na yi gida na kira shi Garke, na miƙa wa metod. Nan take kompaila ta hana. Kompaila ita ce ke duba rubutunka kafin a bar shi ya yi aiki, ni mai gadi nake kiranta, don ba ta san lallami ba. Ta ce Garke ba ɗan Gona ba ne.

To mu a wurinmu, in kana son mutum ya sami ruwa, hanya ɗaya muka sani. Ruwa na bin gona, gona na bin gado, tambayar farko kuma ita ce ɗan wane ne kai. Ban ko tsaya tunani ba, na ce ai abin mai sauƙi ne, na rubuta cewa Garke ɗan Gona ne. Mai gadi ta ce to ina faɗinsa, na sa faɗin filin ruga. Ina ranar shuka, na sa ranar da muke. Ina yawan ruwa, na kwafo na alkama. Ta buɗe ƙofa. Na buga takarda, na naɗe, na tari achaɓa, ko karantawa ban yi ba saboda ɗoki.

Na tarar da Kawu a zaurenmu, ya zo gaida Baba, sandarsa a jingine da bango. Na ce abin nema ya samu. Na durƙusa na gaishe su, na warware takarda, na ce, "Kawu, ga sunanka, injin da kansa ya sa ka." Na gyara murya na fara karantawa da ƙarfi. "Garken Kawu, a sakar masa ruwa daga hantsi zuwa la'asar. A zuba masa taki bayan ya yi tsiro. A yi masa feshi." Muryata ta fara yin ƙasa, amma bakina ya riga ya yi gaba. "A girbe shi da shigowar zafi."

Na ɗago kai daga takardar. Kawu ya shafa gemu, ya dube ni da kyau, ya ce, "Ɗan nan, da lauje za a girbe su ko da wuƙa?"

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo masa ruwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da Kawu ya tafi, dariyar Baba ta tafi tare da shi. Ya ce, "Ka ga, in aka karanta wannan a taro, cewa za a yi injin ya haukace, Alhaji ya koma tsarinsa, kuma ka san babu saniya a tsarin Alhaji. Ruwan yini guda kuma ka ba shanu, kamar gonar alkama? Ai jifan ka za a yi." Gaskiya ya faɗa. Gado ba a zaɓensa, duk abin da uba ya bari sai ɗa ya ɗauka, ni kuma na ɗora wa shanu gadon da ba nasu ba.

Washegari na tafi Kura wurin masu lema da ke ba da hayar waya, na kira Malama. Na zayyana mata komai, ina ji tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce, "Saniya 'yar gona ce?"

Na ce, "A'a, Malama."

"To me ya sa ka yi mata ƙaryar asali? Metod ɗinka, me yake nema a wurin wanda ka miƙa masa? Sunan ubansa, ko amsar tambaya?"

Mai lema tana ta kallon agogo.

Ta ce, "Koma ka karanta intafes. Ranar da na koyar da shi kana bayan aji kana ba da labarin ƙwallo." Ta kashe waya.

Da gudu na tsallaka titi, har wani mai mota ɗauke da kwandunan tumatir ya leƙo ya zage ni. Na faɗa shago na buɗe littafin Java a kan cinya, na karanta, na sake karantawa, sai ga abin a fili. Intafes ba uba ba ne, ba ya ba ka komai, ba ka gadon ko allura a wurinsa. Alƙawari ne kawai. Yana jera abubuwan da duk wanda ya ɗauke shi zai iya yi, ko daga wane gida ya fito. A Java uba ɗaya ake da shi, kamar mutane, amma alƙawari kana iya ɗaukar goma. Na tuna bakin kanal ɗinmu da safe, masu wanki, da masu buga bulo, da 'yan achaɓa masu wanke babur, da shanu. Ba ɗayansu da yake gona, kuma duk ruwa ɗaya suke taɓawa.

Na rubuta alƙawari na kira shi Mai Shan Ruwa. Na duba metod ɗina in ga me yake tambaya, sai na ga abu biyu ne rak. Na farko, ruwa nawa kake buƙata. Na biyu, ina rabonka na yasa. Don dokar garinmu ce tun da aka haƙa kanal, kafin a saki ruwan rani kowa sai ya shiga da shebur ya kwashe laka da ciyawa daga gefen gonarsa, wanda bai yi yasa ba, ba ya cikin layi. Na sa uba Gona ya ɗauki alƙawarin a madadin 'ya'yansa, ya cika na yasa da kansa tunda lissafinsa ɗaya ne ga kowace gona, na ruwa kuma ya bar wa kowane ɗa kamar da. Na raba Garke da uban ƙarya, na bar shi da kansa, yana da yawan kawuna maimakon faɗi, na sa shi ma ya ɗauki alƙawarin. Sannan na koma kan metod na canja kalma ɗaya a iyakar T, inda aka ce Gona na mayar Mai Shan Ruwa. Kalma ɗaya fa! Na danna.

Mai gadi ta sake hanawa.

Na karanta jan rubutunta. Ta ce Garke ya ɗauki alƙawari mai abu biyu ya cika ɗaya, ina rabonsa na yasa? Da gangan na tsallake wannan, don a tunanina ai Kawu ba ya shiga kanal. Ta ce ko ya cika duka, ko a mayar da shi abstirak, wato abin da ba ya fita aiki, sunansa ba zai taɓa hawa layi ba. Na ji haushi na ce mata ke wa ya tambaye ki, abokina ya leƙo ya ce ko lafiya. Na san zan iya rubuta sifili ta bar ni in wuce, don ita cikar rubutu take dubawa, ba ta duba zuciya. Amma sifilin zai fito a takarda a gaban mutanen da suka yini a cikin laka. Zan kuma iya goge yasa daga alƙawarin gaba ɗaya, tunda ni na rubuta shi, sai dai in na goge wa Kawu na goge wa kowa, kanal kuwa ya cushe kafin tumatir ya yi fure.

Ba yadda na iya, na ɗauki keke na nufi ruga. Na sami Kawu a gindin wata ƙirya yana tufka igiya. Matarsa ta kawo mini kindirmo, na sha, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa. Na ce injin ya yarda ya sa garke da sunansa na garke, ba taki ba girbi, da ruwan da ya dace da shanu, amma sai in garke zai yi yasa a wurin da yake sha.

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Ɗan nan, ka san me ke wurin nan kafin kanal? Fadama ce. Shanun kakanka a nan suke sha, ba mai tambayar su. Aka zo da manyan motoci aka binne fadamar, aka ce an kawo ruwa. Yanzu ni zan shiga laka in biya da gumina abin da aka same ni da shi?"

Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Na ce, "Kawu, ni dai ban san wata ƙofar ba. Wannan ce kaɗai na iya buɗewa."

Ya ce, "Aradu ban taɓa riƙe shebur ba." Ya tambayi lafiyar Inna, ya raka ni har bakin hanya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na koma shago na rubuta wa Garke rabonsa, tun daga gadar itace har inda kanal ya ƙare. Mai gadi ta yi shiru, takarda ta fito fes.

Ranar taro ban yarda a ce takarda kawai zan kai ba. Na lallaɓi abokina ya ba ni aron kwamfutar da ƙaramin janareto, muka ɗora a achaɓa biyu, ni na rungume allon kamar jariri. Aka kafa tebur a inuwar darbejiyar makarantar firamare, gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa. Na ja janareto, allo ya kawo haske, sai ka ji "Ikon Allah!" ta ko'ina. Na danna, sunaye suka fara gangarowa, ina karantawa kowa na jiran nasa. Mutanen wutsiya da suka ji ranakunsu a sahun farko har tafi suka yi. Baba na zaune a gaba, ya harɗe ƙafa, yana ta waige don ya tabbatar kowa ya san ɗan wane ne.

Da na karanta garken Kawu, da ɗan lokacin shansa da hantsi da kuma rabonsa na yasa, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Dakata, yaro. Ruwan nan na gona ne. Abin da ba gona ba, ba ya ciki."

Wani tsoho daga wutsiya, wanda bai taɓa shiri da Alhaji ba, ya ce daga inda yake zaune, "To Alhaji, bulon da ɗanka yake bugawa a bakin gada fa, wane iri ne, ɗan rani ko ɗan damina?"

Wuri ya kece da dariya. Alhaji ya gyara hula, ya ce ai wannan daban. Ni kuwa dama jira nake. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci." A gaban idonsu na yi sabon gida na kira shi Mai Bulo, na sa ya ɗauki alƙawarin, na tambayi ɗan Alhajin duro nawa yake ɗiba, na yanka masa rabon yasa a gefen gada. Metod ko taɓa shi ban yi ba. Na danna, sai ga mai bulo a cikin layi, tsakanin albasa da garke. Na juyo na ce, "Injin nan ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Abu biyu yake tambaya, nawa za ka sha, ina za ka yashe." Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, har ina nuna allo da yatsa kamar mai wa'azi.

Aka yi ta cece-kuce, amma Alhaji ya ga in ya kori saniya sai ya kori bulo. Ya ce ya yarda, da sharaɗi. Kawu bai zo taron ba, don haka ba wanda ya ji daga bakinsa. In ranar yasa ta wuce rabon garke na nan da lakarsa, ni da hannuna zan cire sunan, kuma ba a yarda wani manomi ya fara masa aikin ba. Kowa ya ce haka ne, ni ma na ce haka ne.

Ranar yasa tun da sassafe aka shiga kanal. Ni da Baba muna gefen gonarmu, laka har gwiwa, ina kwasa ina ɗaga kai ina duban hanyar ruga. Hantsi ya yi, ba kowa. Wasu suka gama suka fito suna wanke ƙafa. Alhaji ya wuce a kan babur har wutsiya, ya dawo yana kallona. Ƙarar shebur kawai kake ji.

Rana ta kusa tsakiya muka hango su, Kawu a gaba, manyan 'ya'yansa biyu a baya, kowa da shebur ɗin aro a saɓe a kafaɗa yadda suke saɓa sanda. Na yi ihu ban sani ba. Kawu bai dubi kowa ba, ya tuɓe riga ya ninke ta a kan ciyawa, ya tattare wando, ya sauka cikin laka daga gadar itace. Riƙon shebur ɗin ma ba daidai ba ne, rabin abin da ya ɗebo a kansa yake zubewa. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya bari sai da kowa ya ga Kawu ya fara da hannunsa, sannan ya ɗauki nasa shebur ya tafi can ƙarshen kanal, ya shiga, ya fara yasowa ta ɗaya ɓangaren. Na bi shi.

Da la'asar muka haɗu a tsakiya. Tafin hannun Kawu duk ya yi bororo, wani ya fashe, yana ta duba shi kamar ba nasa ba. Baba ya ce, "Sannu, Yaya." Ya ce, "Yawwa, sannunmu." Sai ya juyo gare ni, laka har gemu, ya ce, "Kai ɗan boko, je ka gaya wa ƙanwata ta daina ɓuya a madafi tana kuka. Ba inda za ni."

Ban tsaya wanke ƙafa ba, na runtuma a guje ta cikin gonaki, na faɗa gida ba sallama. A madafin kuwa na same ta, zaune a kan kujera 'yar tsugune, ta juya wa ƙofa baya. Na faɗa mata yadda Kawu ya ce, ina haki. Ta daɗe ba ta juyo ba. Sannan ta goge ido da gefen zani, ta ce ita ba kuka take ba, hayaƙi ne ya dame ta. Ko wuta ba ta hura ba.